Farin Gwal Ɗina da Idanun Inna

Zuwa ga Alhaji, Shugaban masu sayar da gwal na kasuwarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, da iyali da kasuwa.

Ranka ya daɗe, ranar Talata, mako biyu bayan Babbar Sallah, na fito daga gidan mijina a cikin birni da sarƙata ƙulle a bakin mayafi, zuciyata wasai. Likita ya ce yanar ido ce ta rufe idanun mahaifiyata, aikin ido biyu naira dubu uku da ɗari shida. Maigidana malamin firamare ne, wata uku ba albashi. Na ce wa Inna ta kwantar da hankalinta, ai ina da gwal.

Shekara uku da suka wuce aka sayar da gonar mahaifinmu, rabona ya kama naira dubu huɗu. Kun fi ni sanin cewa mace a garin nan ba ta kai gadonta banki, gwal take saya ta ajiye a ƙasan adaka saboda rana irin wannan. Inna ta ce in sayi ja, ɗan Saudiyya, irin na kowa. Na ƙi. Ni mai karatun littattafan soyayya ce, har haya nake karɓowa, kuma duk yarinyar da ta burge ni a ciki farin gwal take sawa. Na daɗe ina hango kaina na shiga gidan biki da shi, mata suna waige. Wannan wautata ce, na ɗauka. Sauran laifin kuwa na ɗan ƙungiyarku ne da ya sayar mini, wanda ba zan kama sunansa ba don yana da iyali.

Na farko. Ranar saye ya rantse mini fari ya fi ja daraja, shi ya sa ya fi tsada, kuma duk ranar da na dawo da shi zan ci riba. Da na dawo, ya goga shi a baƙin dutse, ya ɗiga ruwan gwaji, ya ce gauraye ne, karat goma sha huɗu, farin ma shafe ne. Shekara uku da suka wuce dutsen nan yana kan teburinsa. Me ya hana shi gogawa a gabana a lokacin?

Na biyu. Da duwatsun da ke jikin sarƙar ya auna ta, na biya su a kuɗin gwal. Yanzu ya ce kwalba ce, sai an cire kafin a ɗora a sikeli. Kuɗin ƙira kuma, wai wannan ya tafi tun ranar.

Na uku. Ya taya naira dubu ɗaya da ɗari tara, sarƙa da 'yan kunne da zobe. Na shiga shaguna huɗu a layinku, babu wanda ya ƙara kwabo, ɗaya ma ko taɓawa bai yi ba. Yayata da ta sayi ja da nata rabon, bara ta sayar da shi kusan ninki biyu ta yi wa 'yarta kayan ɗaki. Na ba dillaliya ta zaga gidaje har Gyallesu da Tukur-Tukur, ta dawo mini da shi bayan kwana tara, wai mata sun ce azurfa ce. Haka ma aka ce a biki ukun da na taɓa sa shi.

Rasit ɗin da ya ba ni yana hannuna. Abin da aka rubuta kawai shi ne "gwal, saiti ɗaya", babu nauyi, babu karat.

Tun ranar ban iya buɗe littafi ba. Idan na je gida, Inna takan lalubo hannuna ta tambaya ko kuɗin sun fito. Ba ta taɓa tuna mini cewa ta gargaɗe ni ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

Ina roƙon ku abu uku. Ku sa a riƙa rubuta nauyi da karat a rasit. Ku hana auna dutse a kuɗin gwal. Duk macen da ta miƙa hannu ga fari kuma, a faɗa mata gaskiyar abin da zai yi ranar sayarwa, don yawancinmu daga cikin gida muke fitowa, maganar mai shago ita ce iliminmu. Idan kuma kuna da ikon kiran mutumin nan ya dubi Allah, ku kira shi kafin Alhamis.

Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya tsare dukiyarku daga haƙƙin marayu, Ya raba iyayenku da duhun ido.

Ranar Alhamis zan koma in karɓi dubu ɗaya da ɗari taran. Na yi magana da likita, ido ɗaya za a yi wa Inna, na dama.

Wassalam.

Hafsatu,
Birnin Zazzau.