Dattin da Ke Kan Faifaina

Litinin, 3 ga Maris
Ke mai leƙa littafin tsohuwa, na san ki, ga kacici-kacici: ba waƙa ba ne, ba kiɗa ba ne, amma in aka cire shi waƙar ta zama ta kowa. Mene ne?

Yau garmahona ya sake yin gardama. Yana jan murya kamar mai jin barci. Jikata, Gwanar Latsa, ta ce faifan ya tsage a gefe, in na ci gaba da ɗora masa allura zai rabe biyu. Ta ɗauke shi za ta kai wa mai kwamfuta ya juye a waya. Na ce ta riƙe shi kamar jariri, ba yadda take riƙe miji ba.

Laraba, 5 ga Maris
Ɗakin shiru. Na share ƙarƙashin gado har sau biyu.

Asabar, 8 ga Maris
Ta dawo da waya, ba faifai. "Kaka, saurara ki ji, tas! Ya wanke duk ƙarar nan."
Gaskiya muryar ta fito. Har wata kalma da na shekara arba'in ina rera ta ba daidai ba na ji. Amma bayan baiti na biyu na kasa kunne, ba komai. Na ce a maimaita. Ba komai.

Kakanta, marigayi mijina, direba ne, shi ya kai mawaƙan wurin ɗaukar faifan. Aka zaunar da shi a lungu, aka ce ko numfashi kada ya yi. Ya daure, ya daure, bayan baiti na biyu ya saki tari. Haka aka buga. Duk duniya nan kaɗai muryarsa ta rage, shi ne wani ya kira datti ya goge.
Ban ci abinci ba. Na ce mata haƙori ne.

Talata, 11 ga Maris
Na faɗa mata zancen tarin. Ta yi tsuru-tsuru. Wai mai kwamfutar yakan tara tsofaffin faifai a kwali in ya gama da su, ba ta san inda yake kai su ba.

Laraba, 12 ga Maris
Na je da kaina. Shago kamar akwati, wayoyi ko'ina. Na ce, "Ɗana, kai ne mai wanke mazan mutane?" Ya rasa inda zai sa fuskarsa. Faifan na nan a kan kantar shagon, ya naɗe shi da tawul. Alhamdulillahi.
Ya ce juyin farko na nan, bai taɓa shi ba. Ya kunna. Ƙaf-ƙaf ɗin allura, shuuu, baiti na biyu, sai ga mutumina.
"Mama, wannan kike so? Da ƙarar duka?"
Na ce har da ƙurar.

Lahadi, 16 ga Maris
Faifai ya shiga akwati ya huta. Har gobe na ce ya fi waya daɗi, waya ba ta da ɗumi. Sai dai ita tana bin mutum har wurin shanya. Sau shida kawai na latsa yau, kada wata ta yi baki.

Amsar kuwa, tarin kakanki ne.