Kada Ki Rubuta Amsata a Jarrabawar

Noemi,

Na tafi kasuwar shanu, ban so in tashe ki ba.

Jiya a shagon aski na tarar da tsohon alƙali Treviño. Na gaya masa jikata za ta rubuta jarrabawar zama malamar tarihin Texas. Na ce har na gyara miki amsa ɗaya, cewa Texas tana da ikon ɓallewa daga Amurka duk ranar da ta ga dama. Ya yi ta dariya har sai da mai aski ya dakata. Ya ce, "Eusebio, tsaya kan shanunka! Yarinyar nan ta fi ka gaskiya."

Shekara saba'in ina faɗar maganar nan, a bakin ubana na ji ta. To, yau kada ki rubuta ta. Bi littafinki.

Ban ji haushi ba. Ni da na tsaya a aji huɗu, jikata ta kayar da ni a gaban mutum bakwai. Da murmushi na dawo gida.

Makullin mota yana kan tebur, na cika ta da mai. Idan an ba ki aji, ki ajiye mini kujera a layin baya.

Kakanki