Ramuka Huɗu a Jirgin Alu

Zuwa ga aminina Alu Basarke,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girma da ta zumunci, ina fatan Allah ya sa kana cikin ni'ima a inda ka riga mu zuwa. Ni ne Bello na Tudun Wada, mai gyaran janareta, ko da yake yanzu ido ya ja baya, hannu ke yi mini rabin gani. Na san wasu za su leƙa takardar nan. Su leƙa. Na gaji da riƙon abin da ke cikinta.

Kana tune da ranar da ka zo shagona da maganar firiza? Ka ce zafin garin nan yana cinye maka rabin kamu kafin ka iso kasuwa. Kana so ka kwana uku a ruwan Goronyo, giwan ruwa da tarwaɗa na kwance cikin sanyi. Jirgin kuwa ba ƙarami ba ne. Na mahaifinka ne, sassaƙar Yawuri, mai gora a tsakiya da kake ɗaura wa buhunan taki da ka ɗinke, iska ta tura ku, man injin baya ya huta. Mutanen bakin ruwa na yi maka dariyar buhunan, kai kana wuce su ba ko ƙara.

Ƙaramin janareta ka nuna, wanda mutum ɗaya zai ɗauka. Na ce ba zai tayar da firiza ba, kuma nan gaskiya na faɗa. Amma akwai matsakaici a gefensa wanda zai yi aikin har ya rage. Na tsallake shi, na dafa ƙaton mai shan dizal da na ciro daga wani gidan niƙa. Na kawo maka dalilai kala-kala. Dalilin da ban faɗa ba shi ne ina so idan an tayar da shi a tsakiyar ruwa, na bakin gaɓa su tambayi wane ne ya ɗora. Mutum huɗu suka ɗaga shi zuwa mota, kai kana kallonsu kana sosa gemu.

A bakin ruwa ma na ga yadda jirgin ya nutsa ta baya da aka sauke shi ciki. Na ce zai saba. Dubi magana, Alu. Wai katako zai saba.

Ni a tudu na koyi aiki. A wurinmu inji ba ya zama sai an zuba kankare, an kafa ƙusoshi huɗu, an ɗaure da noti har ya daina motsi. Da na rasa kankare sai na ɗauko abin huda na durƙusa a kan katakon ƙasan jirgin. Ka riƙe mini hannu ka ce, "Mi kaka shirin yi? Bello, jirgi ba ɗaki ba na." Na ce maka kai da ruwa, ni da ƙarfe, kowa ya tsaya inda ya iya. Ka sake ni. Ba don ka yarda ba, don akwai mutane a wurin ne, ba ka so a ga ka gyara wa mai sana'a sana'arsa.

Na huda huɗu. Na cusa auduga da kwalta, na ɗaure tamau, ko robar tsohuwar taya ban sa a ƙarƙashi ba. Abin da ya kamata shi ne in gitta katako biyu a kan haƙarƙarin jirgin, in shimfiɗa roba, injin ya zauna yana rawarsa shi kaɗai. Maimakon haka sai na sa jirgin gaba ɗaya ya riƙa taya shi rawar. Da muka tayar, ruwan da ke gefen jirgin har tsalle yake yi. Na ce ka ji lafiyar inji.

Bai cika wata biyu ba. Da hantsi, a tsakiyar ruwa, katakon ya tsage daga rami zuwa rami. Ku ukun da ke ciki kuka fito da iyo, Allah ya kiyaye rai. Jirgin mahaifinka kuwa yana can har yau, da injina ɗaure a cikinsa. Wannan kam na ɗaure shi da kyau.

Ka gaya wa duniya kututture ka doka a cikin ruwa. Kai da ka san kowane kututturen ruwan nan kamar 'yan ɗakinku. Aka yi ta cewa Alu ya fara tsufa, ka karɓa. Ni kuma na zo jaje, na zauna a tabarmarka a Ƙofar Dundaye, na taya ka zagin kututture.

Ba ka sake mallakar babban jirgi ba. Ka koma sayar da bandar kifi, hayaƙi ya zauna maka a ƙirji. Duk Juma'a ka biyo ta shagona, mu sha fura, mu yi hirar kowa da komai. Sau ɗaya tak ka taɓo zancen, kana dariya: "Injinka na da kirki, Bello. Har munka kai gaɓa ina jin shi ƙasa yana aiki." Na yi dariya ni ma. Ƙofa ce ka buɗe mini, na gane, na ƙi shiga. Da ka kwanta ciwo na zo sau uku da maganar a bakina, sau uku na koma da ita gida.

Shekaranjiya Sani, babban ɗanka, ya zo. Ya zama magidanci, tafiyarsa taka ce sak. Ya haɗa jirgi, yana so in zaɓa masa janareta in ɗora. Na zaunar da shi na gaya masa komai, tun daga gidan niƙa har ramukan. Ya bari na gama tas, sannan ya ce duk gidanku an sani tun ranar, kai ne ka hana kowa ya nuna mini. Kuma wai kai ka bar wasiyya a kawo mini aikin, don a duk Sakkwato ni kaɗai ne ka tabbata ba zan sake huda jirgi ba.

Alu, ashe ni kaɗai nake gadin sirrin da kowa ya sani. Ashe kai kana jira ne kawai in faɗa da bakina, ka ce ya wuce, mu ci gaba da shan furarmu. Na hana ka wannan ma.

To ga shi na faɗa, a makare. Ni na nutsar da jirgin. Ka yafe mini, ɗan'uwana.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya rufa maka asiri a gabansa yadda ka rufa mini a gaban mutane. Allah ya tsare Sani a kan ruwa, ya sa mu cika da imani.

Naka har kullum,
Bello