Rigar da Inna Ta Ɗinka wa Kwamfuta

Zuwa ga Autar gidanmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da ƙanwar da ta yi nisa har muka fara manta rigimarta, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya sauƙaƙa miki aikin asibiti, ya ba ki marasa lafiya masu jin magana. Mu ma nan lafiya lau. Inna tana nan da ƙarfinta, gwiwa ce kawai ke yi mata gardama idan za ta miƙe. Antinki, uwargidana, ta ƙara kaya a shago. Ni kuma hawan jinina ya hau ya sauko a 'yan makonnin nan, saboda dalilin da zan shimfiɗa miki yanzu a matsayina na babban ɗa, tsohon malamin tarihi, kuma shugaban sashen kwamfuta na wannan gida, kujerar da na samu ba tare da hamayya ba.

Auta, kin daina kiranmu ranar Asabar, kuma na san dalili. Kina ganin duk lokacin da hira ta katse, Inna ce ta sa aka kashe, domin har yanzu tana fushi da tafiyar da kika yi ba da son ranta ba, ranar da ta ƙi fitowa ko bakin ƙofa ta raka ki. Ita kuma Inna tana ganin ke ce kike katse ta. Na ɗauki alƙalami ne domin in wanke mutum biyu, in kuma gurfanar da mai laifi na gaskiya.

Kin san tsohuwar kwamfutar da kika bar mana a falo, wadda maigidanki ya saka wa manhajar nan ta kyauta, wadda mutane daga ko'ina a duniya suke haɗa hannu su rubuta don sha'awa. Ta yi mana hidima ba ƙorafi. Sai wata safiya wani saƙo ya fito a allo, cikin ladabi, yana cewa akwai sabuntawa. Ni kuwa mutum ne mai goyon bayan ci gaba, sai na danna. Da ta gama ta tashi, na tarar an yi wa gidan garambawul: agogo ya ƙaura daga ƙasa zuwa sama, alamomin da na saba da su sun canza kaya, har linzamin kwamfutar ya ƙara gudu kamar an yi masa albishir. A wannan makon ne kiranki ya fara katsewa. Na yi shekaru ina gargaɗin ɗalibai cewa ba duk abin da ya riga faruwa ne sanadin abin da ya biyo baya ba, amma ranar na yanke wa sabuntawa hukunci kafin a zauna shari'a.

Ki tuna yadda abin yake faruwa. Inna za ta gaishe ki, ta tambayi maigidanki, ta bi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi tarin ƙaramin, ta tambayi maƙwabciyarki da ba ta taɓa gani ba. Sai ta gyara mayafi, ta yi gyaran murya, ta ce dama akwai maganar da take so ta yi miki. Daga nan allo sai ya yi baƙi ƙirin. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma kullum a daidai wannan gaɓa. Da abin ya maimaitu, ba ta yi faɗa ba, wanda shi ne ya fi tayar mini da hankali. Cewa kawai ta yi in daina damun yarinya, aiki ya yi mata yawa. Asabar ta zagayo, na ga mayafin nan mai ruwan toka da take sawa don kiranki yana ninke a kan akwati, ita kuma tana zaune a tsakar gida ta juya wa falo baya.

Nan na ƙaddamar da bincike. Na mayar da manhajar zuwa tsohuwar sigarta, sai sauti ya ɗauke gaba ɗaya, kuma kwamfutar ba ta fasa mutuwa ba. Na sayo sabuwar kyamara. Na canza wayar wuta. Na tsare ma'aikacin kamfanin intanet da tambayoyi har ya rantse da abin da ban nema ba. Na ma saka kyanwar gidan nan cikin waɗanda ake zargi, domin an gan ta a kusa da wurin. Antinki ta ce da rabin wannan himma na ba famfon kicin da yake ɗiga tun bara, da yanzu muna da ruwan sayarwa. Na amsa mata cewa manyan al'amura ba sa jiran ƙanana, ta ce ƙananan ma sun gaji da jira.

Da dabara ta ƙare, sai na kai ƙara dandalin masu amfani da manhajar, inda 'yan sa kai ke amsa tambayoyi. Na rubuta ƙorafi mai gabatarwa da babi-babi da kammalawa. Wani ya roƙe ni in taƙaita. Amma wata baiwar Allah, wadda hoton butar shayi ta saka a madadin fuskarta, ta karanta duka, Allah ya saka mata. Ta ce in daina gudun sabuwar sigar in koma kanta, domin ta zo da wani ɗan ma'aunin zafi da ake iya ajiyewa a kusurwar allo; in kunna shi, in kira wani da bidiyo, in zuba ido. Ta haka wanda nake tuhuma ya koma babban shaida. Na kira abokina tsohon alƙali, wanda a iya sanina bai taɓa kai ƙarshen labari ba. Yana magana, ma'aunin yana hawa. Ya tashi daga kore ya koma rawaya, fankar kwamfutar tana kuka a ƙarƙashin tebur kamar mai neman agaji, ya koma ja, sai ɗif.

Na durƙusa, da wannan bayan nawa, na leƙa ƙarƙashin tebur. Auta, akwatin kwamfutar riga yake sanye da ita. Inna ce ta ɗinka masa, da zanen nan naki shuɗi da kika bari a ɗaki. Ta yi mata shafi biyu, ta cusa auduga a tsakiya, ta matse ta cif, ba ta bar ƙofa ba sai ta wayoyi da ta makunni. Duk ramukan da injin yake shan iska ta rufe su da ɗinki mai kyau. A makon sabuntawar nan ta saka masa ita. Na gan ta tun ranar, har na yaba ɗinkin, ta ce mini akwatin da Auta take fitowa daga cikinsa bai kamata ya zauna tsirara cikin ƙura ba. Hira da bidiyo aiki ne mai nauyi ga tsohon inji. Yana iya jure gaisuwa, amma kafin Inna ta gama da tarin ƙaramin, ya riga ya dahu, sai ya kashe kansa don kada ya ƙone. Na sa hannu ƙarƙashin rigar, na janye da sauri kamar na taɓa dutsen guga.

Faɗa wa Inna ya fi binciken wuya. Na tsara jawabi a kan iska da zafi da halayen injuna, wanda babu sunan kowa a cikinsa. Ban kai rabi ba ta tashi, ta dafa tebur, ta taɓa akwatin da bayan hannu kamar yadda take taɓa goshinmu muna yara. Sannan ta ce, “Ashe ni ce nake toshe mata baki.” Sai ta ce in miƙo almakashi. Cire rigar gaba ɗaya kam ta ƙi. Tagogi ta yanka mata, babba a baya, biyu a gefe, ta bi bakinsu da kalmasa. Ni kuma na buɗe akwatin na hure ƙurar fanka, kamar yadda mai butar shayi ta umarta.

Na sake kiran tsohon alƙali don gwaji. Ma'aunin bai wuce kore ba, kuma a karon farko a tarihi mutumin nan ya yi magana har ta ƙare masa, ya yi sallama da kansa. Na ayyana nasara, amma Inna ba ta gamsu ba. Ta ce ai ba a kan maganar alƙali injin yake mutuwa ba, a kan tata ne. Ta sa na kunna kyamara ba tare da an kira kowa ba, ta kore ni daga falo, ta zauna tana kallon fuskarta a allo. Ta fara tun daga gaisuwa, ta bi yara, ta tambayi maƙwabciya, ta yi gyaran murya, ta faɗi maganar daga farko har ƙarshe. Allo bai ko ƙifta ba. Ni a lokacin ina kicin, ƙaddara ta sa ranar ce na ga damar gyara famfo, kuma kin san bangon gidan nan ba ya riƙe sirri. Na ji komai. Famfon yana nan yana ɗiga, domin ban ga abin da nake yi sosai ba.

Ba zan gaya miki abin da ta ce ba. Ba saƙona ba ne, kuma ba a takarda ya kamata ya iso gare ki ba. Abin da doka ta ba ni damar bayyanawa shi ne ba faɗa ba ne, kuma ki zauna kusa da hankici. Ki kira ranar Asabar idan kin tashi daga aiki. Kada ki gaggauta ta, ki bar ta ta tambayi kowa da kowa, injin yanzu yana da numfashin da zai kai ku ƙarshe.

Antinki tana gaishe ki, ta ce a sumbaci yara. Kawu yana gaisuwa, haka Gwaggo, wadda ta nemi a ɗinka wa rediyonta irin rigar, aka ba ta haƙuri. Ki gaida maigidanki, ki shaida masa manhajarsa ta fita daga kotu da mutuncinta. Na tambayi Inna ko in saka gaisuwarta a nan, ta ce a'a, da bakinta za ta yi. Tun jiya ta goge mayafin, yana rataye a jikin kujerar falo.

Naki har kullum,
Yayanki, shugaban sashen kwamfuta