Jirgin da Ya Zaunar da Babana a Gaɓa

Zuwa ga Manajan kamfanin da ya kawo jiragen alminiyam ƙasar Gummi.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ni malamin firamare ne a Bukkuyum, amma ɗan masunci ne daga wani ƙauye na bakin gulbi kusa da Gummi. Sau uku ina rubuto maka ta gidan waya, ko tari ban ji ba. Shi ya sa na biyo ta jarida. Ban ambaci sunan kamfaninka ba, domin ba tonon asiri ya kawo ni ba. Ka san kanka, mu ma mun san ka.

Na ɗaya, zan fara da alherin jirginku, don kada a ce ban da adalci. Babana ya yi rayuwarsa duka a kan kwalekwalen icen maɗaci wanda ya girme ni. Sai ƙarti huɗu sun taru kafin a ja shi, ga shi bayan Baba ya fara ciwo. Shekara biyu da suka wuce, da kaka, wakilinku ya sauke fararen jirage daga mota ranar kasuwar Gummi. Baba ya kama gaban ɗaya da hannu guda, ya ɗaga, ya ajiye, sannan ya dube ni ya kawar da kai. Bai taɓa roƙona komai ba tun da na fara ɗaukar albashi, ranar ma bai roƙa ba. Na sayar da bijimina da ke hannun Fulanin Zugu, na haɗa da ɗan abin da na tara, na saya masa.

Wallahi wannan shekarar Baba ya koma saurayi. Shi kaɗai yake tura jirgi, shi kaɗai yake jawo shi. Ya shiga ƙananan tafkunan fadama inda tsohon kwalekwale ba ya iya zuwa. Mahaifiyata, Inna, ta raɗa wa jirgin suna Faranti, tana cewa ba ta taɓa ganin namijin da ya shiga kwanon tuwo yana murna ba, amma kullum a cikinsa yake ƙetarar da ita gonar shinkafarta. Har yau ina gode wa Allah da ya nuna mini wannan shekarar.

Na biyu, abin da ba a gaya mana ba. Ranka ya daɗe, mu nan idan mun shimfiɗa kalli, wato ragar da ake tare bakin tafki da ita, sai mu zagaya ta baya muna dukan gefen jirgi da filafilin tuƙi. Ƙarar ce ke firgita kifi ya gudu ya faɗa raga. Haka kakana ya yi, haka Baba ya tashi yana yi, ice kuwa bai taɓa kai ƙara ba. Ranar da aka kawo mana jirgin, wakilinku ya ci tuwon shinkafa a gidanmu, ya shiga ruwa tare da Baba. A gabansa Baba ya yi wannan dukan. Wakilin ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ai mun samu jirgi da ganga a kuɗi ɗaya. Ya ce gara ba ta cinsa, ruwa ba ya ruɓar da shi, sai dai jikoki su gada. Ya kuma yi alkawari cewa kowace kaka zai dawo da mai gyara. Baba ya ji daɗinsa ƙwarai, ya ce in ya dawo akwai bandar kifi tana jiransa.

Wakilin bai gaya mana cewa jirgin falle-falle ne da aka haɗa da ƙananan ƙusoshi ba, kuma kowane duka yana sassauta su. Da damina ta zagayo, sai ruwa ya fara tsattsafowa ta layin ƙusoshin. Da farko ƙoƙo ɗaya ake kwalfewa. Kafin kakar bara ta ƙare, Baba na kwalfar ruwa fiye da yadda yake kamun kifi. Wata safiya jirgin ya cika a tsakiyar tafki, sai da maƙwabta suka jawo shi, tsoho yana tsaye ruwa iya ƙirji, yana riƙe da igiyar jirgin ya ƙi saki. Tun daga ranar bai sake hawa ruwa ba.

Na uku, in ɓera da sata, daddawa ma da wari, don haka ga namu laifin. Kowane yaro a ƙauyenmu ya san kwalekwalen ice a ruwa ake barinsa, ko an daina aiki da shi sai a nutsar da shi a gefe, a danne da duwatsu. Amma ɗokin sabon abu ya kwashe mu. Ni da bakina na ce a fitar da tsohon kwalekwalenmu tudu, tunda ya gama aikinsa. Baba bai hana ba, don ba ya son ya nuna kamar bai yarda da kyautar ɗansa ba. Rana ta bazara ɗaya ta tsaga shi tun daga gaba har baya, tsagar da hannu ke shiga. Yanzu awaki ke cin dusa a ciki. Ba na iya bi ta wannan gefen gidan, sai in zagaya.

Na huɗu, ba zama muka yi muna jiranku kawai ba. Mun cusa auduga da tsumma muka shafe da kwalta, kamar yadda ake toshe na ice. Kwana biyu rana ta gasa jirgin, kwaltar ta narke ta bi ƙafar wandon Baba. Maƙerin garinmu ya narka dalma ya zuba, ta ƙi kamawa, ta ɓare kamar ƙanzo. Ya gwada ƙusar ƙarfe, ramin ya ƙara faɗi, ya ajiye guduma ya ce a yi masa aikin gafara. Na tambaya a Gummi, na tambaya a Bukkuyum, na hau mota har Anka wurin masu walda. Kowa ya ce na'urarsa ƙarfe ta sani, wannan ƙone shi za ta yi. Mutum ɗaya ne ya nuna yana so, wani mai zubin tukwane, wanda ya ce a sayar masa ya narka. Inna ta ce a ba shi, a ƙara kuɗi a sayo na ice daga Yawuri. Ni ma ra'ayina ke nan. Baba ya ƙi. Ya ce mutumin da ya sa hannu a akushinsa ya ce zai dawo, in ya dawo ya tarar an mai da jirgin tukunya, da wane ido za a dube shi.

Na biyar, ga 'yan'uwana masunta da za a karanta wa wannan takarda. Ban ce kada ku saya ba, jirgi ne mai sauƙi, mai tausayin bayan tsoho. Amma ku kifa shi ku dubi cikinsa kafin ku biya, ku ga yawan ƙusoshin. Ku tambayi wanda zai gyara, da sunan garin da yake zaune, in an fara kame-kame ku riƙe kuɗinku. Kada ku dake shi. Ku ɗauki guntun ice ko tsohuwar garwa ku riƙa duka. Ku shimfiɗa tabarma a ciki, don da rana ba ya takuwa saboda zafi. Iska ma tana wasa da shi fiye da na ice. Abin da ya fi duka, ku bar tsohon kwalekwalenku a ruwa.

Ranka ya daɗe, ga halin da muke ciki yau. Damina ta ƙare, gulbi ya fara ja da baya, lokacin kifi ke nan. Kowace safiya Baba yana rakiyar abokansa bakin ruwa, su tafi, shi ya tsaya ya wanke jirginku da toka har ya yi ƙyalli, sannan ya zauna kusa da shi yana gyara ragar da ba ta tsinke ba. Da yamma su dawo su aiko gidanmu da kifi. Mutumin da ya yi shekaru yana rabon kifi, yau shi ake aiko wa. Yana godiya, amma ba ya ci, sai ya ce ba ya jin yunwa. Ya rame, kuma ni na san ba tsufa kaɗai ba ne.

Roƙona uku ne, ba kuma maido da kuɗi a ciki. Ka aiko da mai gyara kafin ruwa ya janye. In ba hali, ka aiko da ƙusoshin da abin ɗaure su, a nuna wa maƙerinmu, mutum ne mai kai, sau ɗaya ya isa. Sannan ka umarci wakilanka su riƙa gaya wa masunta gaskiya tun kafin a sauke jirgi daga mota.

Akwai na huɗu, shi ne ya fi damuna. In zai yiwu, ka turo wancan wakilin da kansa. Daga kamun ƙarshe da Baba ya yi kafin jirgin ya cika, ya ware babbar tarwaɗa ya banda masa ita. Tana rataye a ɗakin girki. Duk bayan 'yan kwanaki sai ya sa Inna ta mai da ita kan hayaƙi don kada ƙwari su ci. Ta yi baƙi, ta ƙanƙance, ta bushe kamar ice, ba mai iya taunarta. Inna tana mita tana yi. Duk motar da ta tsaya a bakin hanya sai ya miƙe ya gyara hula. Kifin zai iya ƙara shekara a kan hayaƙi, amma Baba ban san nawa ya rage masa ba.

Allah ya ƙara wa kasuwarka albarka, ya tsare ka daga haƙƙin talaka. In mahaifinka na raye, Allah ya ja da ransa, kada ya nuna maka ranar da kyautarka za ta zaunar da shi. Ina so in ga babana a kan ruwa ko sau ɗaya ne, da filafili a hannunsa. Ya riga ya yi mini alkawari ba zai sake dukan jirgin ba.

Wassalam.

Naka, ɗan masunci daga ƙasar Gummi.