Ƙofar da Ba Ta da Bango

Zuwa ga Kawuna, sarkin kafintoci,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa, ina fatan kai da Inna kuna cikin ƙoshin lafiya.

Kawu, albishirinka! Ka tuna ranar da ka ce za ka sayar da injin yankan katako ka rufe shago a ƙarshen wata mai kamawa, tunda ƙofofin ƙarfe sun janye maka masu saye? Na roƙe ka dama ɗaya tak, ka ba ni. To, sunanka ya shiga jerin mahalarta babban baje kolin kayan gini, kuma da hannuna na karɓo mana katin wuya biyu, wanda ba a shiga zauren sai da shi.

Bari in fayyace maka, domin wannan fanni ilimi ne mai zaman kansa. An ba ni taswirar zaure, wato zanen da ke nuna mazaunin kowa. Akwai rumfar layi, mai bango uku da fuska ɗaya, inda ake jera mutane kamar ɗalibai a aji. Akwai rumfar kusurwa, mai fuska biyu. Sannan akwai ƙololuwar martaba, rumfar tsibiri: ita kaɗai a tsakiyar zaure, hanya ta kewaye ta gabas da yamma, kudu da arewa, ba bango ko ɗaya da zai tare idon mai kallo. Wani kamfanin fenti ne ya janye, jami'ar rabon rumfuna ta tambaya ko akwai mai so. Kafin sauran su gama nazari, ni na ɗaga hannu. Kawu, tsibiri muka samu!

Ranar shigo da kaya Talatar sama ce, ranar kwashewa Asabar. Ka zaɓo ƙofofinka mafiya ƙayatarwa ka ba direba.

Ka huta lafiya.
Ɗanka, wanda kake kira Ƙamus

*

Ƙamus,

Ina gaishe ka. Innarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci.

Na karanta takardarka sau biyu, na biyun da tabarau. Na ji gabas, na ji yamma. Tambaya ɗaya gare ni. Shekara talatin da huɗu ina yin ƙofa, ban taɓa ganin wadda ta tsaya ba bango ba. A jikin me za ka jingina su? A jikinka?

Katin wuyan kuma ka rataya duka biyun, gwiwata ba za ta kai ni ba. Mai son injin ya sake zuwa jiya, har ya auna faɗinsa.

Allah ya yi maka albarka.
Kawunka

*

Zuwa ga Kawuna mai daraja,

Bayan gaisuwa da neman afuwa.

Tambayarka ta same ni a tsaye, ta zaunar da ni. Nan take na koma wurin jami'ar na nemi musanya, ta nuna mini taswira: kowace rumfar layi da sunan mai ita a kai. Na ce to mu gina bangon katako na wucin gadi. Ta buɗe kundin dokokin masu baje koli ta ɗora yatsa a shafi na goma sha tara: an haramta bango a tsibiri, domin yana tare wa maƙwabta kallo. An haramta buga ƙusa a daɓe. An haramta rataya daga rufi.

Kawu, kundin nan mai shafi sittin na karance shi kaf, na haddace kalmominsa, amma ko sau ɗaya ban kawo ƙofofinka a raina ba sa'ad da nake karantawa. Abin da ya rage shi ne in shimfiɗa su a ƙasa mutane suna tsallakawa, kuma ba zan wulaƙanta aikin hannunka haka ba. Dama ɗaya ka ba ni, na ɓarar da ita. Ina neman izininka in janye.

Ɗanka mai nadama,
Ƙamus

*

Ƙamus,

Gaisuwa. Kada ka janye ko'ina.

Ka manta abin da ka tashi kana gani? Ban taɓa kai ƙofa gidan mutum ba sai na tsayar da ita cikin firam ɗinta a tsakar shago, a kan ƙafafun gwaji, na buɗe na rufe har kunnena ya yarda da ita. Ka duba kundin naka. An hana bango, an hana ƙusa. An hana ƙofa ƙafa?

Ga huɗu nan na ba direba, kowace da ƙafafunta masu nauyi. Ɗaya gabas, ɗaya yamma, ka san sauran. Ka bar su a rufe. Kada ka yi wa kowa lacca, ka bari su taɓa.

Kawunka

*

Zuwa ga Kawuna, gwanin gwanaye,

Bayan gaisuwa, wadda yau zan taƙaita, domin labari ya cika mini baki!

Ranar shigo da kaya jami'ar ta zo da tef ɗin awo, ta kewaye ƙofofin sau biyu, ta leƙa kundi, ta ce, "Wannan dai ba bango ba ne." Da za ta tafi, ga fili ta dama, ga fili ta hagu, sai ta murɗa hannun ƙofar gabas ta fita ta ciki, har ta ja mana ita. A nan na fara fahimtar hikimarka.

Maƙwabcinmu na rumfar layi, mai ƙofofin ƙarfe, ya leƙo yana dariya. "Ɗan tsibiri, ƙofa mun gani. Ɗakin fa, sai baɗi za a kawo?"

Na ce, "Yallaɓai, naka ɗakin mun gani. A buɗe mana ƙofa ɗaya mana."

Bai iya ba, Kawu! Duk a jingine suke da bango, fuska ɗaya suke nunawa.

Da aka buɗe zaure, abin da masana ke kira kwararar baƙi ya karkato kanmu gaba ɗaya. Ashe ɗan Adam ba ya iya wuce rufaffiyar ƙofa bai gwada ta ba. Wata dattijuwa sai da ta yi sallama kafin ta shigo. Na amsa, ta ce, "Kai ne mai gidan? To Allah ya kawo rufi." Wani magidanci ya ce wa matarsa, "Ji, ko ƙara ba ta yi." Ta ce, "Shi ya sa ba za a sa mana ita ba, in ka dawo a makare ina so in ji." Laccar da na shirya mai sassa bakwai tana aljihuna har yanzu, kuma Allah ya sani na sha wuyar riƙe ta.

Jiya da hantsi wani injiniya mai gina gidajen malamai ya zo. Bai dubi fuskar ƙofar ba, bayanta ya zagaya. Ya shafa, ya kara kunne, ya buɗe ya rufe sau goma sha ɗaya, ina ƙirgawa.

Ya ce, "Wa ya ɓata lokaci ya goge bayan nan haka? Ai baƙo ba ya gani."

Na ba shi amsar da ka ba ni ina ƙarami: "Mai ɗakin yana gani, shi yake kwana da shi."

Kawu, ƙofa arba'in yake so! A wannan fanni ana kiran irinsa mai alamar saye, wato bai saya ba tukuna, sai an yi bibiya. Sharaɗinsa ɗaya ne: nan da mako biyu zai zo da kansa ya ga shagon yana aiki, domin ya ce an sha nuna masa kaya mai kyau, a je a tarar ba mai yi. Ban faɗa masa zancen injin ba. Ba ni da hurumin hana ka abin da ka yanke, amma ina roƙonka, idan mai son injin bai riga ya ɗauka ba, ka dakata.

Ina jiran amsarka kamar in yi tsuntsu.
Ɗanka, Ƙamus

*

Ƙamus,

Gaisuwa. Mai son injin ya zo da mota ranar Alhamis. Na ba shi ruwa ya sha, na raka shi bakin titi.

Ƙofa arba'in ta fi ƙarfin hannu biyu. In an kwashe kaya ka biyo direba, ka bar kwat ɗinka a can, akwai gugar katako. Laccar ka taho da ita, Innarka ta ce ita za ta saurara.

Kafin ka taso, ka ga matar nan mai tef. Ka ce ta riƙe mana tsibirin baɗi.

Kawunka