Ranar da Kika Raka Ni Tasha

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa da ladabi, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, 'yarki Asabe ce ke rubuto miki daga Samaru.

Yau malaminmu ya sa muka leƙa madubin likita. Ya nuna mana wani ɗan wuri can cikin ƙwaƙwalwa, baƙi kamar an ɗiga tawada. Ƙwayoyin halittar da ke wurin su ke yin sinadarin dofamin, mai kai wa jiki saƙon motsi. Sai ya sauya gilashin da ke ƙarƙashin madubin, ya sa na ƙwaƙwalwar mai ciwon karkarwa. Baƙin ya koɗe. Ya ce ƙwayoyin ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya, shiru, shekara da shekaru kafin hannu ya fara rawa. A cikin waɗanda suka rage akan ga wani ɗan dunƙule ya taru. Dalili kuwa, har yau ba a gano ba.

Ina cikin leƙen sai madubin ya zame mini tsakar gidanmu na Dogarawa. Ga ki a tabarma da hantsi, babban yatsanki yana murza ɗan'uwansa. Maƙwabta kan ce, "Inna ko babu carbi tasbihi take." Ke kuma ba ki taɓa musa musu ba.

Ga kuma ranar da zan taho makaranta. Kin raka ni tasha da 'yan gajerun takun nan naki, ƙullin dakuwa yana rawa a hannunki. Na leƙo ta tagar mota ina jiran murmushi, fuskarki kamar an rufe ƙofa. Duk zuwan da na yi gida, fuskar nan ce. Damina ba ta kewayo ba kika rasu, kika bar ni da abu guda a rai: ba ki so tafiyata ba, kin tafi kina fushi da ni. Ban taɓa faɗa wa kowa ba.

To, yau malam ya ce ciwon har fuska yake kamawa. Mutum na murna a ciki, naman fuskar ya ƙi motsi. Wallahi sai da na dafa tebur.

Ashe kin yi murmushin, Inna. Hanyar fitowa ce bai samu ba.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka makwancinki, ya sake miki hannu da fuska a Aljanna. Ki ajiye mini murmushin, in na zo zan karɓi abina.

Taki har kullum,
Asabe